Awon Matsin Gazuwal A Motar Ɗaukar Auduga

Ya ku manoman auduga, kun san wahalar jiran mota. An tsince auduga, an ware fara dabam, an tara a kasuwa, sai labari ya zo motar da ta taso daga Bangi ta tsaya a Bosambele, ta kasa hawan tudu. Auduga kuwa ba ta son jira. Ƙura ta bi ta, ga tsoron gobara, in kuwa ruwan fari ya sauka a kanta, lamba ɗaya ta koma lamba biyu, kuɗinku ya ragu.

Waɗansunku sukan haɗa kuɗi su yi hayar mota, waɗansu kuwa ƙungiyarsu ta sayi tsohuwa. To, in ta rasa ƙarfi, kada ku yarda makaniki ya kwance babban famfo tun bai auna ba. Gyaran famfon nan tsada gare shi, sau da yawa kuwa ba shi ke da laifi ba.

Ga yadda gazuwal ke tafiya. Ƙaramin famfo ke jawo shi daga tanki, ya tura shi ta cikin filta zuwa babban famfo. Shi kuma ya matsa shi da ƙarfi ya aika wa nozul, ita ke fesawa cikin inji. Watau hanyar kashi biyu ce, ta sauƙi da ta ƙarfi. Awon matsin nan ana kiransa bar. Tayar babbar mota takan ɗauki bar 7 ko 8. A tsofaffin motoci irin su Mercedes, hanyar sauƙi wajen bar 1 zuwa 2 ce kurum, amma nozul ba ta buɗewa sai matsi ya kai wajen bar 200.

Hanyar sauƙi ake fara aunawa, da kaya uku. Na fari agogon awo mai ƙananan lambobi, wanda iyakarsa bar 4 ko 6. Mai bar 400 ba shi da amfani a nan, allurarsa ko motsi ba za ta yi ba. Na biyu gajeren tiyo wanda ake ganin cikinsa. Na uku mahaɗi, watau noti mai rami a ciki, mai bakin da tiyon agogo ke shiga. A cire notin da ke kan filta, a sa shi a gurbinsa da sababbin washa na jan ƙarfe.

Ku lura da mahaɗin nan ƙwarai. Motocin Jamus da Faransa awon milimita gare su, galibi 12 ko 14, waɗansu na Amurka kuwa awon inci ne. In bai shiga da hannu ba, kada a tilasta shi da sifana. Na ga an yi haka a wani gareji nan Kilomita Biyar, haƙoran kan filta suka cinye, mota ta yi mako biyu tana jiran sabo daga Duwala.

Sa'an nan a ta da inji, a auna kafin filta da bayanta, a taka totur a sake dubawa. In matsi ya cika kafin filta amma ya faɗi bayanta, filta ce ta toshe. In duka biyu sun yi ƙasa, a duba ƙaramin famfo da tanki. In ga kumfa cikin tiyo, iska ce ke shiga ta wani wuri. Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a cire nozul a gwada su a famfon gwaji na hannu.

A nan akwai haɗari. Kada kowa ya tara hannu a bakin nozul, gama feshin yana huda fata ya shige nama. Wanda ya same shi a kai shi asibiti nan take, ko da raunin bai fi tsinin allura ba, in an yi jinkiri ana iya rasa yatsa. Sababbin motoci kuwa matsinsu yakan wuce bar 1,600. Su da kwamfuta ake karantawa, ba a sassauta bututunsu inji na aiki.

Filta kuwa, datti da ruwa ke kashe ta. In kun sayi gazuwal na duro, ku bar shi ya kwana ya kwanta, ku ɗebi kaɗan daga ƙasa a farar kwalba. In da ruwa za ku gan shi a gindi.

Daga Bangi zuwa Bosangowa wajen kilomita 300 ne. Kafin mota ta tashi, shugaban ƙungiya ya ga awon da idonsa, a kuma sa filta biyu da washa a akwatin direba.