Kofin Gwamna da Nasarar Kano ta 1953

Gasar ƙwallon ƙafa mafi daɗewa a Nijeriya ita ce wadda aka soma a shekarar 1945 da sunan Kofin Gwamna. Gwamnan ƙasar na wancan zamani, Arthur Richards, shi ne ya ba da kofin, shi ya sa aka laƙaba wa gasar wannan suna. A wasan ƙarshe na shekarar farko, ƙungiyar Marine, wato ta ma'aikatan sashen jiragen ruwa, ta ci Corinthians ɗaya da nema. Duka biyun na birnin Legas ne, wanda Hausawa suka fi sani da Ikko.

Ko da yake sunanta gasar ƙasa, a shekarun farko ta fi kama da gasar gari ɗaya. Daga 1945 har zuwa 1952 kofin bai taɓa barin Legas ba. Ƙungiyoyin da suka riƙa ɗaukarsa na ma'aikatu ne da kamfanoni, kamar Marine da UAC da Reluwe, kuma Reluwe ita kaɗai ta ɗauka sau huɗu, a 1946 da 1948 da 1949 da 1951. Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Ma'aikata takan ɗauki gwanin ɗan wasa aiki, ta ba shi albashi da filin atisaye, ga shi kullum yana tare da abokan wasansa. Sauran garuruwa kuwa, yawanci tsintar 'yan wasa ake yi daga ƙananan kulob-kulob na gari, a haɗa ƙungiya guda, a sa mata sunan garin. Fatakwal da Warri da Jos duk sun kai wasan ƙarshe a wannan tsakani, amma kowace ta koma gida hannu rabbana.

Tsarin gasar shi ne wanda masu sharhin wasanni a rediyo suke kira sili-ɗaya-ƙwale, wato wanda aka ci ya fita ke nan, sai baɗi. Wannan ya sha bamban da lig, inda kowace ƙungiya take karawa da kowace, gida da waje, a tara maki har ƙarshen kaka. Lig yana bukatar tafiye-tafiye da yawa, Nijeriya kuwa ƙasa ce mai faɗi. Layin dogo da ya haɗa Legas da Kano, wanda ya iso Kano a 1911, ya haura kilomita 1,100, kuma ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Ma'aikacin gwamnati yana iya samun izinin irin wannan tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara, amma ba kowane mako ba. Saboda haka sai a 1972 aka kafa lig na ƙasa, wanda Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka. Kafin nan, duk wanda ya ci kofi shi ake ɗauka zakaran Nijeriya.

Ba Nijeriya kaɗai ta bi wannan hanya ba. A ƙasar Polan da ke Turai, gasar ƙasa ta farko da aka kammala, a 1921, tsakanin zakarun yankuna biyar aka yi ta, ƙungiyar Cracovia ta birnin Krakow ta yi nasara. Lig sosai bai zo musu ba sai 1927.

A 1953 ne abin ya sake salo. Ƙungiyar Kano ta kai wasan ƙarshe, ta kara da Dynamos ta Legas, ta ci biyu da ɗaya. Wannan shi ne karo na farko da kofin ya fita daga Legas, kuma ba maƙwabta ya je ba, sai da ya yi tafiyar nan ta jirgin ƙasa har Arewa. Ana iya cewa daga ranar ne gasar ta cancanci sunanta na gasar ƙasa. Da ƙofa ta buɗe kuma, wasu suka bi: Kalaba ta ɗauka a 1954, bayan ta doke ita Kanon a wasan ƙarshe, Fatakwal kuma a 1955.

Shekarar ma kanta ba ta yau da kullum ba ce. A ƙarshen watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisar wakilai a Legas cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a kan gaba, suka ce a jira sai lokacin da ya dace, jama'ar Legas kuwa suka yi musu ature da baƙaƙen maganganu. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutum 36 suka rasu a ƙidayar hukuma. Har wasu shugabannin Arewa suka fara zancen raba gari. Wasan ƙwallo bai gyara wannan ɓaraka ba, bai kuwa isa ya gyara ba. Amma a shekarar da 'yan siyasa suke shakkar ko ƙasar za ta zauna ɗaya, Kano da Legas sun hau fili ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya da alƙalin wasa ɗaya, wanda aka ci kuma ya miƙa kofi.

Akwai kuskuren da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Wasu jerin sunayen zakaru sukan rubuta cewa Kano Pillars ce ta ci kofin 1953. Ba haka ba ne, domin Pillars a 1990 aka kafa ta, ƙungiyar 1953 kuwa haɗakar 'yan wasan gari ce. Sunan gasar ma ya yi ta sauyawa, daga Kofin Gwamna zuwa Kofin Ƙalubale da sauransu, kodayake gasar ɗaya ce. Kanawa sun jira shekara 66 kafin kofin ya sake komawa garinsu: a 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta tashi babu ci da Niger Tornadoes, sannan ta yi nasara huɗu da uku a bugun daga kai sai mai tsaron gida.