Ina Giwayen Dajin Kamuku?

'Yan'uwa manoma, a ƙasar Birnin Gwari akwai wani daji da ake kira Kamuku. Tun 1936 En'e ta keɓe shi, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun namun daji na ƙasa. Girmansa ya wuce murabba'in kilomita 1,000.

A dā giwaye sukan yi ta kai da kawowa tsakaninsa da dajin Kwiambana na Zamfara. Akwai gwanki, da kanki, da mazo, har da burtu, wanda maharba kan ɗaura kansa a goshi su yaudari nama. Yau ganin sawun giwa ya zama labari.

Mun sani 'yan bindiga sun mai da dajin maɓoya, har ma'aikatan gandu ba sa iya zagaya shi kamar dā. Amma kada mu ɗora musu laifin duka. Mu ne mukan cinna wa daji wuta da kaka don neman gafiya, mu sare itatuwan bakin rafi mu yi gawayi. In rafin ya ƙafe, ba gwanki kaɗai zai rasa ruwa ba, har da lambunmu na rani.