Mujiya da Kyanwa Cikin Jirgi

Duk yaron da ya tashi a Yawuri, ko Ngaski, ko Shanga, ya san jirgin ruwa. Ya san masunta su kan fita da sassafe da taru da gora da ɗan guzurinsu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, Kogin Kwara ya buɗe ya zama babban tabki, jirage kuwa ba su yankewa a kansa. Amma har yau ba wanda ya taɓa ganin mujiya da kyanwa sun shiga jirgi guda sun kama hanya. Duk da haka akwai wata waƙa da ta faɗi haka, yaran ƙasashe da yawa kuma sun fi shekara 150 suna karanta ta suna dariya.

Wanda ya yi waƙar wani Bature ne, mutumin Ingila, sunansa Edward Lear. An haife shi a 1812, ya rasu a ƙasar Italiya a 1888. Sana'arsa zane ce. Tun yana saurayi ya yi littafi na hotunan aku iri iri. Daga nan wani babban basarake ya kira shi gidansa don ya zana dabbobin da ya ke kiwo. A can ne ya fara shirya wa yaran gidan waƙoƙin ban dariya, irin waɗanda Turawa ke kira waƙoƙin shirme. Waƙar mujiya da kyanwa kuwa ya yi ta ne don wata yarinya ƙarama, 'yar abokinsa, aka buga ta cikin littafi a 1871.

Ga abin da waƙar ta ƙunsa. Wani namijin mujiya da wata kyanwa suka shiga wani koren jirgi suka nufi teku. Guzurinsu zuma ne da kuɗi masu yawa. Da dare ya yi, Mujiya ya ɗauki wani ɗan molo irin na Turawa yana kaɗawa, yana yabon Kyanwa. Kyanwa ta ji daɗi, ta ce ya kamata su yi aure, sai dai ba su da zobe, ga shi kuwa a al'adar Turawa da zobe a ke ɗaura aure. Suka yi ta tafiya har shekara guda da kwana ɗaya, sa'an nan suka isa wata ƙasa. Can cikin kurmi suka tarad da wani alade da zobe a hancinsa. Ya sayar musu da shi sule guda, watau kwabo 12 na kuɗin da. Kashegari wani talotalo ya ɗaura musu aure. Suka ci abinci, suka fita bakin ruwa suka yi ta rawa a farin wata.

To, ina abin dariya a nan? Abin dariyar shi ne kome an juya shi. Kyanwa ba ta son ruwa ya taɓa ta, ga ta kuwa a tsakiyar teku. Ba a san mujiya da daɗin murya ba, ga shi ita aka ba aikin waƙa. Dukansu biyu ɓera su ke ci, amma suka yi guzurin zuma. Zoben da a kan sa wa dabba a hanci shi ya zama zoben amarya. Yaro ba zai yi dariya ba sai ya riga ya san halin waɗannan dabbobi na gaskiya. Watau ilmin da ya ke da shi ne ya sa shi dariya.

Wani yaro zai ce, “Ashe waƙar ƙarya ce!” A'a, akwai bambanci. Maƙaryaci so ya ke a gaskata shi, don ya cuci wani ko ya ɓoye laifinsa. Mai waƙar shirme kuwa ba ya son kowa ya gaskata shi. Shi da mai sauraro duk sun san wasa a ke yi. Hausawa ma sun daɗe da sanin wannan. Sa'ad da kaka ta gama tatsuniya da dare, ta kan ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ke ciki, yara su yi dariya su tafi barci. Ba wanda ya ke kwana yana tsammani kura ta yi magana da gaske.

Har wa yau, shirmen nan yana da tsari. Me ya sa mai waƙar ya zaɓi zuma da kuɗi? Dalili shi ne a Turanci sunayen abubuwan nan biyu sun yi kama ƙwarai a kunne. Wannan shi a ke kira ƙafiya. A Hausa ma, in mawaƙi ya ƙare baitin farko da “rana”, sai ya nemo kalma kamar “gona” ko “ƙauna” ya ƙare na biye da ita. A waƙar wa'azi ma'ana ce ke gaba, ƙafiya na bin ta. A waƙar shirme sau da yawa ƙafiya ce ke jan ragama. Lear har ya kan ƙago kalmomi nasa na kansa. Itacen da ya ce yana tsirowa a ƙasar da suka sauka, ba irinsa a duniya, haka kuma sunan cokalin da suka ci abinci da shi. Saboda haka wanda ya tsaya neman ma'anar kowace kalma zai sha wahalar banza.

Saura maganar abuta. A bakin tabki yara sun saba ganin balbela na bin shanu, tana cin ƙwarin da su ke tayarwa cikin ciyawa. Carki kuma ya kan sauka a bayan saniya ya ci kaska. Wannan zama ne na neman abinci. Amma Mujiya da Kyanwa ba abin da ɗaya ke samu wajen ɗaya. A zahiri ma kyanwa kama tsuntsu ta ke yi. Mujiya kuwa mutane da yawa suna ƙyamarta, yara har su kan jefe ta, alhali ita ke rage ɓerayen da ke ɓarna a rumbu. Ga shi a cikin waƙar an sami mai ƙaunarta. Tafiyar shekara guda suka yi cikin ɗan jirgi, ba faɗa, ba gori.

Wannan abin lura ne ga yaran ƙasar Yawuri, inda Hausawa da Gungawa da Kambari da Shangawa da Fulani ke cin kasuwa guda, 'ya'yansu kuma suna zama aji guda. Jirgi ɗaya ya kan ɗauki mutane masu harshe dabam dabam. In suka yi haƙuri da juna, sai su haye lafiya.

Wanda zai karanta irin wannan waƙa, ya ɗaga murya don ya ji daɗin ƙafiyarta. Ya zana hoton abin a zuciyarsa. Sa'an nan ya tambayi kansa abin da aka juya, da yadda ya ke a gaskiya.

Tambayoyi

1. Wane ne ya yi waƙar mujiya da kyanwa, kuma mece ce sana'arsa?
2. Kawo abu uku da aka juya cikin waƙar.
3. Mene ne bambancin maƙaryaci da mai waƙar shirme?
4. Nemo kalmomi uku masu ƙafiya ɗaya da “kifi”.
5. Zaɓi dabbobi biyu da ba su shiri, ka shirya musu baiti biyu na ban dariya.