Husufi da Masu Cewa Lissafi Kafirci Ne

Duk sa'ar da aka sanar cewa rana kaza za a yi husufi, na san abin da zan tarar a wayata washegari. Saƙon murya ne daga wani da ba a san ko wane ne ba, yana kumfar baki cewa Turawa da 'yan korensu na boko sun fara da'awar sanin gaibu, wai duk wanda ya gaskata su sai ya sake kalmar shahada. Kafin azahar saƙon ya zaga rukunin 'yan uwa, da na tsofaffin ɗalibai, da na 'yan kasuwa, kowa yana turawa gaba da roƙon a yaɗa saboda Allah. Na gaji da wannan abu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Husufi dai ba baƙon kowa ba ne. Idan wata ya gifta tsakanin duniya da rana ya kare mana haskenta, shi ne na rana. Idan duniya ce ta shiga tsakani inuwarta ta faɗa kan wata, shi ne wanda kakanninmu ke kira zazzaɓin wata, ko su ce rana ta kama wata.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake wasa da kalmar gaibu. Gaibu shi ne abin da Allah Ya ɓoye, bai bar wa bawa wata hanya ta kai wa gare shi ba: yaushe Alƙiyama za ta tsaya, a wace ƙasa mutum zai cika, me zai samu gobe. Tafiyar rana da wata kuwa a fili take, kullum a kan idon kowa, kuma Alƙur'ani da kansa, a farkon Suratur Rahman da cikin Suratu Yunus, ya sanar da mu cewa a kan lissafi suke tafiya, har ya ce an sanya wa wata masaukai ne domin mu san ƙidayar shekaru. To, wanda aka gaya wa cewa abu a kan lissafi yake, ya zauna ya yi lissafin, ina laifinsa?

Malamin da ya yi wancan saƙo, idan malami ne, na tabbata akwai jadawalin lokutan salla rataye a bangon masallacinsu. A ciki an rubuta cewa ranar kaza ga wata mai zuwa rana za ta faɗi ƙarfe shida da minti kaza. Bai taɓa cewa wanda ya buga jadawalin boka ne ba. Da shi yake shan ruwa a Ramadan idan hadari ya rufe gari. Lissafin da ya fitar da wannan jadawali da wanda ke fitar da ranar husufi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Kuma abin ba wani asiri ba ne. Husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ya ɓuya, na wata kuma sai a daren sha huɗu ko sha biyar. Dalilin da ya sa ba a yinsa kowane wata shi ne hanyar da wata ke bi ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke zaga rana, saboda haka yawanci inuwar takan wuce ta sama ko ta ƙasa. Tun zamanin mutanen Babila, kafin haihuwar Annabi Isa, masu lura da sama suka gane cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8. Waɗanda suka yi wayo a 2006 za su tuna hantsin 29 ga Maris, lokacin da gari ya yi duhu a Gusau da Katsina, kaji suka nufi akurki. Ku ɗora shekara 18 da 'yan kwanakin nan a kai, za ku faɗa kan 8 ga Afrilu 2024, ranar da aka yi husufin da ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada. Awa takwas ɗin nan ce ta sa duniya ta ƙara juyawa, inuwar ta sauka can yamma maimakon kanmu. Ɗan sakandare mai haƙuri zai iya bin wannan da fensir.

Masu cewa ilmin Turawa ne kuma sun fi ba ni haushi, domin sun yi kyauta da gadon gidansu. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya shafe shekaru a birnin Raƙƙa yana auna tafiyar rana da wata. Ibn Yunus na Alƙahira ya rubuta lokutan husufin da ya gani da idonsa, har masana na baya-bayan nan suka amfana da rubutunsa. A shekarar 997 Al-Biruni yana Khwarizm, Abul Wafa yana Bagadaza, suka yi alkawarin duba husufin wata guda a dare ɗaya, kowa ya rubuta sa'ar da ya gan shi, da bambancin lokacin suka gano tazarar garuruwan biyu daga gabas zuwa yamma. Ba za su iya wannan alkawari ba sai da sanin daren tun kafin ya zo. Ibn Shaɗir kuwa, da ya rasu a 1375, ma'aikacin Masallacin Umayyawa ne a Dimashƙa, aikinsa ke nan fitar da lokutan salla da lissafin falaki.

Idan an ce waɗannan ba malaman fiƙihu ba ne, to ga malaman. Imam Gazali, a gabatarwar littafinsa Tahafutul Falasifa, wanda ya rubuta don yaƙar masu falsafa, ya keɓe maganar husufi ya ce ba ta cikin abin da za a yi jayayya da su a kai. Ma'anar bayaninsa ita ce wanda ya ɗauka musun wannan lissafi hidima ce ga addini, addinin ya cuta, domin wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai fara yi wa kallon shakka. Ibn Taimiyya, wanda ba wanda zai zarge shi da sassauci ga bokaye, ya bayyana a fatawoyinsa cewa husufi yana da lokutan da Allah Ya tsara masa kamar yadda jinjirin wata ke da su, saninsu ta lissafi ba ya cikin sanin gaibu. Abin da ya gindaya shi ne ba a tayar da salla da maganar mai lissafi, sai an ga husufin. Wannan adalci ne. Abin da shari'a ta hana shi ne duba: a kalli tauraro a ce wane zai yi arziki, aure kaza ba zai yi albarka ba, sarki zai mutu bana. Abin takaici, da yawa daga masu kafirta ɗan falaki ba su taɓa buɗe baki a kan mai bugun ƙasa da ke bayan layinsu ba.

Wani zai ce, to idan an san ranarsa da sa'arsa, ina tsoratarwar da hadisi ya ambata? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma a nan ne ake gane irin imanin mutum. Akwai wanda imaninsa ya jingina da duhun kai, duk abin da bai gane ba shi ne ikon Allah a wurinsa, ranar da aka yi masa bayani kuma sai ya ji kamar an rage wa Allah wani abu. Mai irin wannan imani kullum a tsorace yake da makaranta. Ni kam da na ji cewa rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, kuma ta fi shi nisa da mu kusan sau 400, shi ya sa ɗan ƙaramin wata ke iya rufe ta ruf, sai na ji tsigar jikina ta tashi fiye da lokacin da nake yaro ana kaɗa mana gwangwani idan an yi husufi. Ungozoma ta san watan haihuwa, wannan bai hana ta yin kabbara idan jariri ya faɗo ba.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da kansa ya rushe canfin husufi. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a Madina, yaron bai kai shekara biyu ba, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Yana cikin zafin rashi ya tashi ya gyara musu, ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya umarce su da salla da addu'a da sadaka. Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a Maiduguri a Janairun 2001, inda matasa suka fita ƙone-ƙonen otal-otal da gidajen giya wai zunubin mutanen ciki ne ya kama wata. Akwai kuma 'yan bokon da ke yi wa masu sallar husufi dariya, su ma rabin karatu ne ke damunsu.

Yanzu ga abin yi. Idan na rana ne, kada kowa ya ɗaga kai ya kalle ta, ko da saura siririn baki ya rage. Bayan ido ba ya jin zafi, yana ƙonewa mutum bai sani ba, sai bayan awanni ya ga tabo a tsakiyar ganinsa, wani har abada. Baƙin gilashin kwalliya ba ya karewa. Fim ɗin hoton ƙashi na asibiti ba ya karewa, haka gilashin da aka turara da hayaƙin fitila. Ruwa a kwano da iyayenmu ke sa mu leƙa, shi ma hasken yake dawowa da shi cikin ido. Wanda bai sami gilashin da aka ƙera musamman don husufi ba, ya huda kwali da allura, ya ba rana baya, ya bar hasken ya faɗa kan farar takarda, zai ga siffarta tana cinyewa. Rariyar ɗakin girki ma tana yi, haka inuwar ganyen darbejiya a ƙasa. Iyaye da malaman allo da na firamare, ku riƙe yara, su ne suka fi ɗaga kai. Na wata kuwa a kalle shi da ido, ba ya cutarwa. Mai juna biyu ta ci abincinta ta yi harkarta, ba abin da zai taɓa cikinta. A bar dukan turmi da gwangwani, a tafi masallaci: raka'a biyu ce ga na rana, kowace da ruku'u biyu da doguwar ƙira'a, na wata kuma a mazhabar Malikiyya nafila ce kowa ya yi a gidansa. Limamai su ji sanarwar masana su shirya jama'a tun Juma'ar da ta gabata, idan an gani a yi salla, idan hadari ya rufe ba a gani ba, ba a bin kowa bashi.

Ranar 2 ga Agusta 2027 inuwar wata za ta bi ta Luksor a Masar, inda duhun zai wuce minti 6, ta ratsa Jidda da Makka, mu kuma a nan za mu ga wani ɓangare na rana ya cinye. Saƙon muryar nan zai dawo kafin ranar. Don Allah idan ya iso wayarka, ɗan'uwa, ya tsaya a nan.