Haƙoran Filawil: Yadda Awo Ke Ceton Tsohon Inji

Makiyayi yakan buɗe bakin rago ya duba haƙoransa domin ya san shekarunsa. Kanikawan da ke farfaɗo da tsohuwar motar Volkswagen Beetle su ma da ƙirgar haƙora suke fara aiki. Ita ce motar da aka soma harhaɗawa a Legas a shekarar 1975, aka kuma ƙera ta ƙarshe a Meziko a 2003. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi.

Filawil wani faifan ƙarfe ne mai nauyi da ke ɗaure a ƙarshen karanshaf. A cikin kowane motsi huɗu na fistin, ɗaya ne kaɗai ke ba da ƙarfi. Nauyin filawil shi ke adana wannan ƙarfi ya ci gaba da juya inji a tsakani. A gefensa akwai haƙoran da sitata ke kamawa, a fuskarsa kuma faifan kuloci ke mannewa ya miƙa juyin ga giya.

Matsalar ita ce, waɗannan faifai suna kama da juna a ido. Filawil na motoci masu batir na bolt 6 haƙora 109 gare shi, galibi da kuloci mai faɗin milimita 180. Da aka fara komawa bolt 12 wajen shekarar 1967, haƙoran suka zama 130, kuloci kuma milimita 200. Idan aka haɗa filawil da sitatar da ba tasa ba, haƙoran ba za su shiga juna daidai ba, sai su ci juna. Shi ya sa bakanike mai hankali yakan sa alama da alli a haƙori ɗaya, ya ƙirga zagaye guda, sannan ya auna faɗin fuskar da kuloci ke zama.

Me ya sa milimita 20 ke da muhimmanci? Ƙarfin juyin da kuloci ke iya riƙewa ya dogara ne ga matsin sifirin, da gogayyar fuskokin biyu, da nisan wurin gogayyar daga tsakiya. Ƙofa ta fi sauƙin turawa daga bakinta fiye da kusa da maratayinta. Ƙaramin kuloci a babban inji zai riƙa zamewa, ya yi zafi, ya ƙone.

Awo mafi laushi shi ne ɗan motsin karanshaf gaba da baya. Ana son ya tsaya tsakanin milimita 0.07 da 0.13, wato kusan kaurin gashin kai ɗaya zuwa biyu. Da ma'auni mai fuskar agogo ake gano shi, a daidaita shi da siraran zobba uku a bayan filawil. In ya gaza, ƙarfe zai kumbura da zafi inji ya cije. In ya zarce, karanshaf zai riƙa bugun mazauninsa har ya lalata shi.

Malaman kimiyya na iya aro tsohon faifan kuloci daga gareji, ɗalibai su auna shi kowa sau uku, sannan su kwatanta sakamakonsu su fitar da matsakaici.