Mai sa barci da abokan aikinsa: ma'aikatan lafiyar da ba a cika ambato ba

Idan aka tambayi ɗan lakwal a Gaya abin da yake so ya zama, sau da yawa zai ce lokotoro, kuma nufinsa mai fiɗa, wanda ke aiki a babban asibitin Yamai. Da wuya a ji yaron da ya ce yana son zama mai sa barci. Alhali kuwa mai fiɗa, kome gwanintarsa, ba ya ɗaukar wuƙa sai wannan mutumin ya ba shi izini.

Tun shekarar 2005 gwamnatin Nijar ta mai da fiɗar haihuwa kyauta. Sai dai doka ba ta yin fiɗa da kanta. Macen da naƙuda ta yi wa gardama cikin dare a wani ƙauyen Dendi, in aka kawo ta asibitin gundumar Gaya ba a tarar da mai sa barci ba, dole a wuce da ita Doso, tafiyar kilomita kamar 150. Wanda ya taɓa rakiyar mai naƙuda a mota ya san tsawon wannan hanya.

Aikin na natsuwa ne. Galibi allura guda yake yi a gadon baya, jiki ya mutu daga cibiya zuwa ƙasa, matar kuwa idonta biyu, har ta ji kukan jaririnta. Daga nan ba ya ɗauke ido daga numfashinta da bugun zuciyarta sai an gama ɗinki. Dangi su yi ta godiya ga mai fiɗa, shi kuwa ko sunansa ba a tambaya.

Hanyar shiga iri biyu ce. Akwai ta ma'aikatan jinya da ke ƙaro ilimin sa barci, kuma su ne ke riƙe da yawancin ɗakunan fiɗa na gundumomi. Akwai ta lokotoro, wanda ke ƙara shekara 4 bayan ya gama karatun likita. Maƙwabciyarmu Benin ta buɗe irin wannan makaranta a Kwatano a 1996, ta horar da likitoci daga ƙasashe da dama masu amfani da Faransanci.

Game da albashi, ma'aikata sun sani cewa a aikin gwamnati takarda da daɗewa ake dubawa, ba suna ba. Ribar mai sa barci ita ce ƙarancin irinsa: da wuya ya yi zaman jiran aiki, asibitoci masu zaman kansu ma nemansa suke yi. Wahalarsa kwanan gadi. Inda yake shi kaɗai, ko ranar salla ba ya nisa da gari.

Mai son kwana a gidansa sai ya dubi ɗakin awo ko fannin ido. Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ga kogi ga fadamun shinkafa, saboda haka zazzaɓin cizon sauro da tsargiya ba sa barin mai awon jini da fitsari ya zauna banza, amma yawancin aikinsa na rana ne. Mai aikin ido kuwa yakan sa ranar fiɗarsa tun da wuri. Dattijon da aka jawo da sanda saboda yanar ido, washegari ake cire masa bandeji, sau da yawa ya koma gida da ƙafarsa, jikan da ya jawo shi yana biye.