2.3 Badar Shakir Al-Sayyab da Sauyin Ginin Baiti

An haifi Badar Shakir Al-Sayyab a shekarar 1926 a Jaikur, wani ƙauye mai yawan dabino kusa da Basra, a kudancin Iraƙi. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, kuma wannan maraici ya bi shi har cikin waƙoƙinsa, inda sau da yawa uwa da ƙauye da ruwa suke zama abu guda. Ya yi karatu a Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Bagadaza, ya fara da Larabci sannan ya koma sashen Ingilishi, ya kammala a 1948. Ra'ayin gurguzu da ya riƙa a lokacin ya jawo masa kora daga aikin koyarwa, har ya yi gudun hijira zuwa Iran da Kuwait a 1952.

Abin da ya fito da sunansa shi ne taɓa ginin baiti. Tun daga Jahiliyya, baitin ƙasida yana da ɗango biyu masu ƙafafu daidai wa daida, da amsa-amo guda har ƙarshe. A diwaninsa na farko, Azhar Zabila (1947), Al-Sayyab ya kawo waƙar da ta saɓa wa wannan tsari. A shekarar ce kuma Nazik Al-Mala'ika ta fitar da waƙarta ta kwalara, shi ya sa manazarta suka daɗe suna jayayya kan wanda ya riga wani.

Ya kamata a lura cewa bai yi watsi da arulin Halilu ba, wato wanda rubutacciyar waƙar Hausa ma ta ara. Ƙafar ya riƙe. Yawanta a layi ne ya sake, wani layin ya ɗauki biyu, wani biyar, gwargwadon inda ma'ana ta tsaya. Waƙarsa ta ruwan sama, wadda diwanin Unshudatul Maɗar (1960) ya ci sunanta, a kan karin Rajaz take, amma tsawon layukanta na hawa da sauka, kuma a cikinta ya haɗa damina da yunwar manoman Iraƙi. Kiran irin wannan waƙa "maras kari", kamar yadda wasu ke yi, kuskure ne.

Ciwon shanyewar jiki ya cinye shekarunsa na ƙarshe. Ya rasu a asibiti a Kuwait ranar 24 ga Disamba, 1964, yana da shekara 38, aka binne shi a Zubair.